Batirin jirgin ruwa a zafin Bahar Maliya: yadda ake zaɓensa da yadda ake kula da shi

Duk wanda ke aiki a jiragen shaƙatawa da ke ɗaure a Obhur, arewa da Jidda, ko waɗanda ke tashi daga Jizan zuwa tsibiran Farasan, ya san batir a nan ba ya kai shekarun da aka rubuta a takardarsa. Kamfanonin batir suna gwada kayansu ne a digiri 25. Mu kuwa a watannin Yuli da Agusta ruwan tekun kansa yakan haura digiri 30, ɗakin inji kuma ya wuce 50 idan an yi tafiyar awa uku. Ƙa'idar da masana'antun suka yarda da ita ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba rayuwar batirin darma gida biyu. Batirin da zai yi shekara shida a Turai, idan ka ajiye shi kusa da inji a Jidda, shekara biyu ma da ƙyar. Don haka duk abin da zai biyo baya a jagoran nan yana komawa ne ga abu biyu: zafi, da rashin cika caji.

Batir biyu ne, aikinsu daban

Jirgin da ke kwana a teku yana buƙatar batir iri biyu, kuma kada a haɗa musu aiki. Na farko shi ne na tayar da inji. Farantan darmar da ke cikinsa sirara ne masu yawa, suna ba da wuta mai ƙarfi na daƙiƙa biyar, dinamo, wato na'urar da inji ke juyawa tana yin caji, ya mayar masa nan take. Ƙarfinsa ana rubuta shi da CCA ko MCA, wato yawan amfiya da zai iya bayarwa lokacin tayar da inji, kuma littafin injinka ya faɗi adadin da yake so. Na biyu shi ne batirin hidima, wanda ke riƙe firji, fanka, fitilu da na'urori tsawon dare. Farantansa masu kauri ne, an yi shi don a sauke shi a hankali a sake cikawa sau ɗaruruwa, kuma ana auna shi da Ah, wato amfiya a ninka da awa.

Kuskuren da ya fi yawa a marsa, wato tashar da ake ɗaure jirage, shi ne a je shagon kayan mota a sayo babban batirin tirela a sa shi hidima, saboda ya fi araha kuma an ga an rubuta 200Ah a jikinsa. Araha ba ta ado. Irin wannan batir, idan aka sauke shi zuwa rabi sau talatin ko hamsin, farantansa sun fara zubewa.

Lissafin abin da jirgi ke ci

Kafin ka taka shago, ɗauki biro da takarda. Kowace na'ura, rubuta amfiya nawa take ja, ka ninka da awannin da take aiki a cikin awa 24. Ga misalin jirgi mai tsawon mita 11 zuwa 12 da ke aiki da volt 12, a lokacin zafi:

Firji mai jan amfiya 5, wanda a zafinmu yakan yi aiki kamar awa 16: Ah 80. Fankoki uku, kowace amfiya 0.4, awa 15: Ah 18. Fitilun LED na ciki: Ah 6. Fitilar da ake kunnawa idan an jefa anga: Ah 3. Rediyon VHF yana sauraro: Ah 6. Allon taswira da ma'aunin zurfi, awa 6: Ah 12. Na'urar tuƙi mai sarrafa kanta, amfiya 4, awa 6: Ah 24. Famfon ruwan sha: Ah 3. Cajin wayoyi da kwamfuta: Ah 15. Jimla Ah 167, a ce 170.

Ka lura firji kaɗai ya cinye kusan rabi. Gyara robar ƙofarsa da ba wa injinsa hanyar shan iska sun fi ƙara batir ɗaya amfani. Butar shayi ta lantarki kuma, mai wat 1500, idan aka kunna ta ta inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, tana jan kusan amfiya 140. Minti biyar ɗin da take yi Ah 12 ne kawai, amma irin wannan fizga tana gwada kowace waya da kowane noti. A dafa shayi a kan gas. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa aikin janareta ce ko wutar marsa.

Yanzu girman batir. Batirin darma ba a sauke shi ƙasa da kashi 50 cikin ɗari. Sannan idan kana teku kana caji da inji, da wuya ka wuce kashi 85, domin daga nan batir yana karɓar wuta ne kaɗan-kaɗan, ba wanda zai ƙona dizal awa huɗu don wannan ragowar. Ashe abin da kake amfani da shi na gaskiya kashi 35 ne kacal. Raba 170 da 0.35, ka samu kusan Ah 490. Shi ya sa ake cewa ka ninka cin yini sau uku. Idan kana da sola mai ɗaukar nauyin rana, Ah 400 zuwa 450 ya wadatar. Na litiyom ana iya sauke shi kashi 80, don haka Ah 250 zuwa 300 zai yi aikin.

Wane iri za ka saya

Mai ruwa, wanda ake buɗe murafunsa, shi ne mafi araha kuma a ganinmu shi ya fi jure zafi idan akwai mai kula da shi, saboda ruwan da ya ƙafe ana iya mayarwa. Samfurin da ya shahara a jirage shi ne mai volt 6 irin na motocin filin golf, kamar Trojan T-105, mai Ah 225 da nauyin kilo 28. Huɗu daga cikinsu, biyu-biyu a jere sannan a haɗa jerin biyu, suna ba da Ah 450 a volt 12, nauyi ya haura kilo 110. Sharaɗinsa: wurin da iska ke fita, da mutumin da ba zai manta da shi ba.

AGM, shi ma batirin darma ne amma a rufe yake, ba ya zuba ko jirgi ya karkata, yana karɓar caji da sauri, kuma ba ya saurin sauka idan an ajiye shi. Amma abin da aka fi yaba masa shi ne rauninsa a nan: idan caja ta matsa masa a cikin zafi ya fitar da tururi, ruwan ya tafi ke nan, babu mayarwa. Kuma ba ya yafe zama rabi-rabi. Idan bai samu cikakken caji aƙalla sau ɗaya a mako ba, ƙarfinsa na raguwa da wuri. Gel, wani batirin darma rufaffe, yana da juriya sosai wajen saukewa da cikawa, sai dai volt ɗin cajinsa ƙasa yake, kuma caja marar saiti tana lalata shi cikin watanni.

Litiyom, a jirgi, iri ɗaya kaɗai ake magana a kai: LiFePO4. Sauran nau'o'in da ke cikin waya da keken lantarki ba su da wuri a cikin jirgi. Mai Ah 100 nauyinsa kilo 11 zuwa 13 ne, alhali AGM mai girmansa ya kai kilo 30. Ana iya sauke shi a sake cikawa sau dubu biyu zuwa sama, ba ruwansa da zama rabi. Matsalarsa ita ce ba a cire tsohon batir kawai a dasa shi; za a zo kan wannan a wajen caji. Kuma yawancin kamfanoni sun hana a yi masa caji idan zafinsa ya wuce digiri 45 zuwa 50, abin da ɗakin inji ke kaiwa cikin sauƙi.

A shago, duba ranar da aka ƙera shi, galibi a manne ko a zane a murfi. Batirin da ya yi wata shida a kan kanta a zafin Jidda ya riga ya fara tsufa. Tafi da mitarka: kada ka karɓi batirin darma da ke nuna ƙasa da volt 12.5. Kuma duka baturan hidima su zama kamfani ɗaya, girma ɗaya, zubi ɗaya. Sabo idan aka haɗa shi da tsoho, tsohon ne ke jan shi ƙasa.

Wurin zama da haɗi

1. Fitar da baturan hidima daga ɗakin inji idan da hali. Ƙarƙashin kujera ko gado, ƙasa-ƙasa kusa da tsakiyar jirgi, inda jikin jirgi ke taɓa ruwa, ya fi sanyi. Amma ya kasance sama da inda ruwan ƙasan jirgi zai iya kaiwa. Ruwan teku idan ya shiga batir yana fitar da iskar kulorin mai guba, ga shi Bahar Maliya tana cikin tekuna mafi gishiri, kusan giram 40 a kowace lita.

2. Sa shi cikin akwatin da asid ba ya ci, ka ɗaure da ɗamara ko katako mai noti. Bai kamata ya motsa fiye da santimita biyu da rabi ta kowace fuska ba. Iskar arewa da ke kaɗawa a wannan teku tana tayar da gajerun igiyoyi masu dukan jirgi, batirin da ba a ɗaure ba kuwa guduma ne.

3. Buɗe masa hanyar iska ta sama. Batir mai ruwa yana fitar da haidirojin lokacin caji, iskar da ke tashi sama kuma take kamawa da wuta idan ta kai kashi 4 cikin ɗari. Kada a ɗora caja ko inbata kai tsaye a saman batir.

4. Idan batura suna haɗe gefe da gefe, ɗauki jan waya daga batirin farko, baƙar waya daga na ƙarshe. Idan ka ɗauki duka biyun daga batir ɗaya, shi zai riƙa shan wahala ya mutu kafin 'yan uwansa. Wayoyin da ke tsakaninsu su zama tsawo ɗaya, kauri ɗaya.

5. Waya ta zama ta jan ƙarfe mai silli-silli da aka shafe da kuza, irin ta jirage. Wayar gida takan yi baƙi ta ciki a cikin shekara ɗaya ko biyu saboda gishiri. Inbata mai wat 1500 tana son waya aƙalla mai kaurin milimita 50 murabba'i, kuma gajera. Kawunan waya a matse su da na'urar matsewa, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi.

6. Fiyus a kan jan waya, kusa da batir, cikin santimita 18 kamar yadda ƙa'idar ABYC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin jiragen ruwa a Amurka, ta tanada. Girmansa ana zaɓensa ne gwargwadon abin da wayar za ta iya ɗauka, domin wayar yake karewa. Ga litiyom a sa irin wanda ake kira Class T, saboda wutar da yake saki idan waya ta haɗu tana iya narkar da ƙaramin fiyus ta ci gaba da wucewa.

7. Noti na sifana, ba mai kunnuwa da ake murɗawa da hannu ba. Kada a tara kawunan waya fiye da huɗu a kan ƙusa ɗaya, kuma mafi kauri shi ne a ƙasa. Kada wasa, ɗan zoben ƙarfen da ake sawa ƙarƙashin noti, ya shiga tsakanin kan waya da kan batir.

Famfon da ke kwashe ruwan ƙasan jirgi a ba shi wayarsa daban da fiyus ɗinsa, yadda zai yi aiki ko an kashe babban makunni. Idan za ka kwance batir, baƙin kai, wato mai alamar (-), ake fara cirewa, shi ne kuma na ƙarshe wajen mayarwa. Cire agogo da zobe, ka naɗe sifana da tef.

Caji, inda akasarin batura ke hallaka

Caja ta gari tana aiki mataki uku: ta tura duk ƙarfinta har volt ya hau, ta riƙe shi a wannan matsayi yayin da amfiya ke sauka, sannan ta koma ƙaramin volt na riƙo. A digiri 25, mai ruwa yana son 14.4 zuwa 14.8, riƙo 13.2 zuwa 13.5. AGM 14.4 zuwa 14.7, riƙo 13.5 zuwa 13.8. Gel 14.1 zuwa 14.4. Litiyom 14.2 zuwa 14.4, riƙo kada ya wuce 13.5. Takardar kamfanin batirinka ita ce alƙali idan ta saba da waɗannan.

Ga abin da ya fi shafarmu. Batirin darma idan ya yi zafi yana buƙatar ƙarancin volt. Ga mai ruwa na volt 12, ana rage kusan 0.03 a kan kowane digiri da ya haura 25. Idan batir yana digiri 40, an haura da 15, sai a rage 0.45: 14.7 ya koma 14.25. Cajar da ba ta san da wannan ba za ta yi ta tafasa shi kullum, ruwa na ƙafewa, faranti na ruɓewa. Maganin ɗan ma'aunin zafi ne da ke zuwa tare da caja, wanda sau da yawa ake samunsa a cikin kwali ba a ɗaura ba. Manna shi a gefen batirin da ke tsakiya ko a kan baƙin kai, na cajar marsa da na sola duka. Ga litiyom kuwa a kashe wannan ragin gaba ɗaya.

Yaushe batirin darma ya cika? Sai lokacin da yake kan volt na mataki na biyu kuma wutar da yake karɓa ta sauka zuwa kashi 1 ko 2 na girmansa, wato amfiya 5 zuwa 9 ga mai Ah 450. Koren fitilar caja ba hujja ba ce. Batirin da ya daɗe bai kai nan ba, gishirin salfet da ke kwanciya a farantansa yana daskarewa ya ƙi narkewa, sai ka ga batir yana cika da sauri yana kuma sauka da sauri.

Cajar marsa ta kai kashi 10 zuwa 20 na girman batir, wato amfiya 45 zuwa 90 ga misalinmu. Ka tabbata tana karɓar wuta iri biyu, domin wutar Saudiyya hatiz 60 ce, ta Sudan 50, kuma tsakanin Jidda da Bur Sudan mil 160 ne kawai na teku.

Sola a nan ba ta da na biyu. Faifai masu jimlar wat 400 da na'urar MPPT, wadda ke sarrafa cajin sola, suna ba da kamar Ah 110 zuwa 120 a yini idan suna da tsabta. Ƙura da gishiri suna rage wannan sosai, a wanke su da ruwan daɗi da sassafe kafin su yi zafi. Dabarar da ta fi aiki a wurin anga: tayar da inji da safe lokacin da batir ke ƙasa yana haɗiyar wuta da yawa, ka bar wa sola ragowar da ke buƙatar awanni.

Dinamo mai amfiya 80 da zarar ya yi zafi abin da yake bayarwa yakan koma 50 zuwa 60. Idan makunnin zaɓen batir naka irin mai 1, 2, duka da kashewa ne, kada a taɓa kai shi kan kashewa inji na aiki, dinamo zai ƙone nan take. Na'urar da ke haɗa baturan biyu da kanta idan caji ya fara, ta raba su idan ya tsaya, ta fi dogaro da tunanin mutum. Da litiyom matsalar ta ninku: yana jan duk abin da dinamo zai iya bayarwa ba sassauci har ya gasa shi, sannan idan na'urar BMS da ke cikinsa don kare shi ta yanke wuta farat ɗaya, daidai yake da kashe makunnin nan. Hanya mafi sauƙi ita ce dinamo ya riƙa cajin batirin inji na darma, daga nan cajar DC zuwa DC, wadda ke cajin batir daga wani batir, mai amfiya 30 ko 50 ta kai wa litiyom.

Karanta halin batir

Volt yana faɗin gaskiya ne kawai idan batirin darma ya huta awanni ba caji ba jan wuta: 12.7 cike, 12.4 kashi 75, 12.2 rabi, 12.0 saura kwata. Tsakanin cike da rabi rabin volt ne kacal, don haka mitar allura ba ta da amfani a nan. Litiyom kuwa yana zama a 13.2 zuwa 13.3 kusan duk tsawon aikinsa sannan ya faɗi lokaci guda. Mafita ita ce mitar da ke ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita ta hanyar shant, ɗan ƙarfen awon wuta da ake sawa a baƙar waya. Duk baƙaƙen wayoyi dole su bi ta bayan shant ɗin. Guda ɗaya da aka ɗaura kai tsaye a batir ta isa ta ɓata lissafin.

Kula ta yau da kullum

Mai ruwa, a lokacin zafi, a buɗe shi duk mako biyu. Ana ƙara ruwa ne bayan caji, domin ruwan yana kumbura idan ya cika. Sai dai idan faranti sun fito fili, a rufe su tukuna sannan a yi caji. A tsaya kamar milimita 3 ƙasa da bakin ramin. Tataccen ruwan batir kaɗai, wanda ake sayarwa a gidajen mai da shagunan kayan mota. Ruwan famfo da na gora duk suna da ma'adinai. Asid kuwa ba a ƙara shi, ruwa ne ke ƙafewa, shi yana nan. Sa tabarau da safar hannu.

Duk wata, auna kaurin ruwan kowane gida na batir, wato kowane rami mai murfi, da ma'aunin da ake kira haidiromita. Cikakke yana nuna 1.265 zuwa 1.280, rabi kusan 1.190. Idan ruwan yana digiri 38, ƙara 0.008 a kan abin da ka karanta. Rubuta lambobin a littafi. Idan bambancin gida da gida ya wuce 0.030, lokacin cajin daidaitawa ya yi: cika batir, kashe duk na'urori domin volt ɗin zai iya ƙona su, buɗe wurin, kai shi 15.5 zuwa 16 na awa biyu zuwa huɗu kana aunawa duk awa, ka tsaya idan lambobin sun daina hawa ko batir ya doshi digiri 50. A yi shi da dare ko da asuba. Wannan na mai ruwa ne. Gel da litiyom ba a yi musu ko kusa, AGM kuma sai wanda kamfaninsa ya yarda.

Saman batir a goge shi ya bushe, domin laimar gishiri tana zama hanyar da wuta ke silalewa tsakanin kawuna. Farin gari ko kore a kan noti, a wanke da cokali ɗaya na bekin soda a kofin ruwa, murafu a rufe don kada ya shiga ciki, a goge da burushin waya, a ɗaure, sannan a shafa basilin. Lokacin da inbata ke aiki, taɓa kowane haɗi. Wanda ya yi zafi ya kwance ne ko ya ci tsatsa.

Sau ɗaya a shekara, kafin doguwar tafiya, gwada ainihin ƙarfinsa, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Cika shi, ɗora masa nauyin da ya kai girmansa a raba da 20, wato amfiya 22 ga mai Ah 450, ka ƙirga awanni har ya sauka 10.5, ka mayar da caji nan take. Awa 20 lafiya lau. Ƙasa da 16 ya fara gajiya, a shirya canji. Batirin inji kuwa, sa mita a kansa wani ya yi kik: idan ya faɗi ƙasa da volt 10, ko shi ko wayarsa akwai magana.

Batirin da ya kumbura, ko ya yi zafi shi kaɗai a cikin 'yan uwansa, ko yake warin ruɓaɓɓen ƙwai, gida ɗaya a cikinsa ya haɗe. Kashe caji, buɗe ko'ina iska ta shiga, bari ya huce, sannan a cire shi daga layi.

Idan za a bar jirgi a marsa tsawon azumi da aikin Hajji, ko mai shi ya tafi hutun bazara, batirin darma a cika shi, a duba ruwansa, a bar shi kan sola ko cajar da ke da ma'aunin zafi, kuma wani ya riƙa leƙawa duk mako biyu, domin a wannan zafi mai ruwa yana iya zubar da fiye da kashi 10 a wata ko ba a taɓa shi ba. Litiyom a sauke shi zuwa kashi 50 ko 60 a raba shi da komai. Zama cike a cikin zafi shi ke tsufar da shi. Tsohon batir kuma a mayar wa shagon da aka sayi sabo ko a kai wa 'yan gwangwan, suna sayen darmar da kuɗi, a ɗauke shi a tsaye, murafunsa a rufe.